Ku Tambayi Mama: Na Ce Mu Koma Gida, Ya Ce Ba Ni da Bangaskiya

Wasiƙu uku ne a wannan fitowar, dukansu a kan aikin bishara a ƙasashen waje. Na cire sunaye kamar yadda muka saba, na kuma rage inda aka tsawaita.

TAMBAYA

Mama, gaisuwa cikin sunan Yesu. Ni 'yar Billiri ce, maigidana mai bishara ne, muna shekara ta shida a wani ƙauye a yankin Maraɗi, ƙasar Nijar. Tallafin da ake aiko mana daga gida da naira ne, in aka canja shi zuwa sefa ko tsakiyar wata ba ya kai mu. Babbar 'yarmu da Faransanci take karatu, ina tunanin makarantar da za ta karɓe ta ranar da muka dawo. Surukata ta samu shanyewar ɓarin jiki tun bara, maigida ne kaɗai ɗanta namiji. Masu zuwa sujada kuwa, yatsun hannu sun isa a ƙirga su. Na ce masa mu roƙi a mayar da mu gida. Ya ce rashin bangaskiya ne ke damuna, Allah yana da shiri, wanda ya kama garma ba ya waiwaye. Tun ranar ban sake tayar da maganar ba, amma barci ya ƙaurace mini. Na yi zunubi ne da na so komawa?

Matar mai bishara, daga Nijar

AMSA

'Yata, ba ki yi zunubi ba. Macen da ta dubi tukunya, ta dubi yara, ta ce abin nan ba zai kai ba, lissafi ta yi. Abin da ya tayar mini da hankali a wasiƙarki shi ne inda kika ce kin yi shiru. Kina ƙasar wasu, ba uwa ba ƙanwa kusa, mijin nan shi ne abokin hirarki na gaskiya, yanzu kuma shi ma akwai maganar da ba kya iya yi da shi. Wannan ya fi faɗuwar naira haɗari.

Maigidanki bai yi ƙarya ba. Allah yana da shiri, ni ma a kan haka na tsufa. Sai dai ba a damƙa masa shirin a rubuce ba, ke ma ba a damƙa miki ba. To daga ina ya tabbatar cewa shirin "ku zauna" ne, ba "ku koma" ba? Mu masu bi mun ƙware wajen ɗaukar magana ta gaskiya mu toshe bakin mai kuka da ita. Ayar da ake yawan jawowa a irin wannan hali, Irmiya 29:11, ki koma ki karanta surar tun daga farkonta. Wasiƙa ce zuwa ga mutanen da aka kwashe zuwa Babila. Kafin a kai ga alkawarin alheri, sai da aka gaya musu shekara 70 za su yi a can, aka ce su gina gidaje, su yi lambuna su ci amfaninsu, su aurar da 'ya'yansu, su nemi zaman lafiyar birnin. Maigida yana iya cewa, kin gani, zama aka ce musu. Haka ne. Amma Allahn da ya ce a zauna shi ne ya yi maganar rufin ɗaki da abin kaiwa baki da makomar yara, su ne kuwa abubuwan da kika kawo wa mijinki.

Mu fara da kuɗin, tunda shi ake jin nauyin faɗa. A farkon Yunin 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, kafin Fabrairun 2024 ya fita ta haura 1,500. Ita kuwa sefa a ɗaure take da yuro, kusan sefa 656 a yuro ɗaya, ba ta gusawa daga nan. Duk wanda yake karɓa da naira yana cefane da sefa, abin hannunsa ya ragu da rabi, wani ma fiye, alhali lambar da ke kan takarda ba ta canja ba. Ga juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ga rufe iyaka har watan Maris na 2024, kaya suka yi ta hawa. Masu aiko muku da yawansu ba su san wannan ba. Suna ganin sun aika abin da suka saba, wataƙila har sun ɗan ƙara, sun yi godiya ga Allah sun koma harkokinsu. Ba mugunta ba ce. Mutumin da bai taɓa riƙe jika, wato sefa dubu ɗaya, a hannu ba, ina zai san abin da take saye a kasuwar ƙauyenku?

Mu ma mun ga irinta. A watan Afrilu na 1984, ni da marigayi maigidana muna wani ƙauye arewa da Maraɗi, aka canja launin takardun naira, aka rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe ba sai 1986. A 1984 ɗin ce kuma damina ta ƙi, gero ya bushe tun bai fid da kai ba. Kuɗin da Zumuntar Mata ta garinmu ta tara mana ya iso hannunmu bayan wa'adin canji ya wuce. Maigida ya baje takardun a kan tabarma gaban fitila, ya ware na naira ɗaya gefe, na biyar gefe, ya ƙirga, ya sake ƙirgawa. Kuɗin ƙosai ne da na ƙuli-ƙuli, duk sun yi laushi saboda ƙulli a bakin zane, wasu har da tabon mai, ga su nan cif yadda aka rubuta a takarda, amma ko ashana ba za su saya ba. Bai ce uffan ba. Ya tattara su ya ɗaure da zare, ya ɗauko biro ya rubuta wa dattawan ikilisiya a daren nan: ga abin da ya iso, ga abin da ya same shi, ga kuɗin tiyar gero a kasuwa yau, ga bakunan da ke gidan. Ba kuka a ciki, ba wa'azi. Ni kuma na fito da keken ɗinkina na hannu ƙofar gida ina yi wa mutane faci, a biya ni da abin da aka samu, wata dusa, wata busasshiyar kuɓewa. Matar limamin garin takan aiko yarinya da fura a ƙwarya da magariba. Ta san ko mu su wane ne, ta san abin da ya kawo mu, ba ta fasa ba. Da wasiƙar ta isa gida, matan nan ba su ƙara aiko kuɗi ba, dawa suka aiko. Kada ki tambaye ni ta wace hanya buhun ya bi.

Allah ne ya ciyar da mu, ban taɓa shakkar wannan ba. Ta hannun matan da aka gaya wa gaskiya ya yi, da hannun maƙwabciya Musulma, da keken ɗinki. Shi kansa Bulus ya ɗinka tanti a Koranti tare da Akila da matarsa, kuma a Filibiyawa 4, inda ya ce ya koyi zama da wadar zuci a ƙoshi da yunwa, a nan ɗin dai ya yi maganar kuɗi ɓaro-ɓaro, ya faɗi ikilisiyar da ta aiko masa, ya faɗi cewa sauran ba su aiko ba. A Janairun 1994 sefa ce ta faɗi, aka raba darajarta biyu a dare ɗaya. Ban ji wanda ya ce a ranar bangaskiyar masu bishara ta ninku ba. To don me faɗuwar naira za ta zama shaidar cewa taki ta ragu?

Maganar tsohuwa ta fi ta kuɗi nauyi, kuma ba zan yi miki sauƙin da Littafi bai yi ba. Ayar garma da maigida ya jawo tana Luka 9, kuma kusa da ita akwai mutumin da ya roƙa a bar shi ya je ya binne mahaifinsa, Yesu bai yarje masa ba. Wannan yana nan, ba za mu goge shi ba. Akwai lokacin da kira yake raba mutum da nasa, da yawa cikinmu labarin rasuwar iyayenmu a wasiƙa muka same shi bayan an yi kwana da kwanaki da binnewa. Amma Yesun nan dai shi ne a Markus 7 ya tsawata wa masu cewa abin da za su taimaki iyaye da shi sun keɓe wa Allah. Shi ne kuma yana kan gicciye, cikin aikin da ya fi kowane aiki, ya tsaya ya danƙa mahaifiyarsa a hannun Yohanna. Bai sauko ba, bai kuma bar ta haka ba. Bulus ma ya gaya wa Timoti cewa wanda bai kula da mutanen gidansa ba ya musanta bangaskiya.

Don haka tambayar da za ku yi wa juna ita ce: a hannun wa aka danƙa tsohuwar nan? Mai shanyewar jiki ba gaisuwar waya take bukata ba. Sai an juya ta kada bayanta ya yi gyambo, sai an yi mata wanka, an ɗaga ta zuwa bayan gida, an saya mata maganin hawan jini kafin na hannu ya ƙare, an kai ta gashi. Wa yake yi yau? In 'yan'uwansa mata suna karɓa-karɓa da yardar mazajensu, ikilisiyar gida kuma ta ɗauki kuɗin magani da gaske, ba da baki ba, to an samu Yohanna, maigida yana iya zama da kwanciyar rai. In kuwa jikanya ce 'yar shekara goma sha aka cire daga makaranta aka bar mata, ba a samu ba, kuma kiran da yake magana a kai bai ɗauke masa wannan nauyin ba. A ganina, ko me za a yanke daga baya, ya nemi hutu ya je ya ga mahaifiyarsa da idonsa. Ba shawarar da za a yanke ta wayar salula ba ce.

Yanzu bari in gaya miki abin da nake zaton yana cin mijinki, don ki san da wa kike magana. Ki tuna ranar da aka sallame ku. An kira ku gaba, dattawa sun ɗora muku hannu, Zumuntar Mata ta tashi da waƙa, an yi baiko na musamman. Namiji ba ya manta wannan ranar. Idan kin ce "gida", abin da yake gani shi ne ya sauka a tasha a Gombe da katifa a naɗe, wani ya tare shi da fara'a ya ce, "Malam, ina ikilisiyar da ka kafa?" Kunya ce, kuma kunya ta iya aron muryar bangaskiya. Mai yiwuwa ne kuma da gaske yake jin Allah bai sallame shi ba tukuna. Sau da yawa biyun a cakuɗe suke, shi kansa mai su ba ya iya rabawa.

Ki buɗe masa Filibiyawa 2, daga aya 25. Akwai wani Abafroditus da ikilisiyar Filibi ta aika ya yi wa Bulus hidima a kurkuku. Ya yi ciwo har ya kusa mutuwa, kewar gida ta kama shi, hankalinsa ya tashi don ya ji mutanensa sun sami labarin ciwon. Bulus bai ce masa ya yi waiwaye ba. Mayar da shi gida ya yi, ya kira shi ɗan'uwa, abokin aiki, abokin yaƙi, ya kuma umarci ikilisiya ta karɓe shi da murna, ta girmama irinsa. Na daɗe ina mamakin yadda ba a cika wa'azi a kan mutumin nan ba a makon bishara. Wataƙila don ba ya sa a cika faranti.

Ban ce ku koma ba, ban ce ku zauna ba. Cewa na yi ba ku kaɗai ne za ku ɗauki wannan ba. Waɗanda suka ɗora muku hannu suna da rabo a ciki, hakkinsu ne su sani. Kada ki sake zuwa masa da "mu koma". Ki zaɓi ranar da aka ci aka ƙoshi, ki ce, "Baban yara, zo mu rubuta wa waɗanda suka aiko mu halin da ake ciki, mu ji me za su ce." Ku sa lambobi: abin da ke shigowa da naira, abin da yake zama da sefa, kuɗin hatsi, kuɗin makaranta, halin tsohuwa. Ku sa hannu ku biyu. In ya ƙi, ki nemi izininsa ki yi magana da matar shugaban da ke kula da ku, ko uwar Zumunta ta gida. Da izininsa na ce, ba a bayan idonsa ba.

Yarinyar kuwa, kada ki sa ta a lissafin hasara. Faransanci ba nakasa ba ne a Najeriya, ƙasashen da suka kewaye mu duk da shi suke aiki. Ki sa a aiko miki da littattafan firamare na gida, ki riƙa zama da ita kan Turanci da yamma. In kun dawo ta maimaita aji ɗaya, ba ita ce farau ba.

Rashin barcin nan kuma, in ya zarce makonni, ga rashin cin abinci ko kuka ba dalili, ki je asibiti ki faɗa yadda kika faɗa mini, a gwada jininki. Addu'a ba ta hana wannan ba. Maganar 'yan sujada da ba su da yawa, ki karanta amsar da na ba dattijo a ƙasa, taku ce ku duka.

TAMBAYA

Mama, barka da aiki. Na gama jami'a a nan Bauchi, ina zaune a Yelwa. A wani taron matasa na ji kira zuwa aikin bishara a Ingila. Sau biyu ana hana ni biza, kuɗin da na tara da wanda na ranto duk sun tafi. Fastonmu ya ce jinkiri ne, lokacin Allah bai yi ba. In sake nema?

Wani matashi, Bauchi

AMSA

Ɗana, kada ka ƙara ranto ko sisi. Ka fara biyan na baya.

Na karanta wasiƙarka ina neman wanda yake aikenka, ban gani ba. A Ayyukan Manzanni 13, ikilisiyar Antakiya ce ta yi azumi da addu'a, ta ɗora wa Barnaba da Bulus hannu ta sallame su. Kai wa ya gwada kiran nan naka? Wa zai karɓe ka a can, a wace ikilisiya, da wane aiki? Ba raina Ingila nake yi ba. Tana bukatar bishara, akwai 'yan Najeriya da ke aiki a can tsakani da Allah. Amma ka tambayi zuciyarka ba tare da kowa yana ji ba: da a taron nan an ce Njamena ko zangon Kumasi, da kiran ya yi zafi haka? In abin da kake so shi ne ka fita ka ƙaro karatu ko ka nemi aiki, ba laifi ba ne, kowa ya san halin da matasa ke ciki. Ka kira shi da sunansa, ka bi hanyarsa, ka bar jingina shi ga Allah.

In kuwa kiran na gaske ne, rufaffiyar ƙofa ɗaya ba ta kashe shi. A Ayyukan Manzanni 16 an hana Bulus Asiya, an hana shi Bitiniya, bai tsaya yana buga ƙofar ba, ya ci gaba da tafiya har Taruwasa, daga nan Makidoniya ta buɗe. Gana da Togo da Benin ba sa neman biza a hannun ɗan Najeriya, kuma Hausar bakinka tana aiki a zangunansu. Ƙungiyar bishara ta CAPRO matasa ne 'yan boko irinka suka fara ta a Zariya a 1975, ga EMS, sashen bishara na ikilisiyar ECWA, ga wasu. Dukansu sai sun horar da mutum sun ga halinsa kafin su tura shi. Ka je ka ba da kanka ga irin wannan horon, ka yi ko shekara ɗaya a wani ƙauye na jiharka inda ba wuta ba famfo. Bayan nan ka rubuto mini, mu ga ko har yanzu Ingila ce.

TAMBAYA

Mama, ina gaisuwa. Ni dattijo ne a wata ikilisiya a cikin garin Gombe. Shekara bakwai muna tallafa wa wani mai bishara a yankin Damagaram. Har yau ba mu ji labarin baftisma ba sai ta mutum biyu. Wasu a kwamiti sun ce a dakatar da tallafin a sa tayil a majami'a, in Allah yana cikin aikin zai tanada masa. Ni raina bai kwanta ba, amma ba ni da amsar da zan ba su.

Dattijon ikilisiya, Gombe

AMSA

Baba, ranku da bai kwanta ba yana da gaskiya. "Allah zai tanada masa" a bakin wanda yake shirin janye hannu ba bangaskiya ba ce. Ku ne tanadin da Allah ya yi masa. Da aka ɗora masa hannu, alkawari aka yi, kuma ba shi kaɗai ya yi ba.

Ku tuna wa kwamiti ta inda bishara ta biyo ta same mu. A Disambar 1893 samari uku suka sauka a Legas da nufin shiga ƙasashenmu na arewa: Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham. Kafin 1894 ta ƙare biyu sun mutu, Gowans a Girku, Kent a Bida. Bingham ya koma gida da ciwo, ba mutum ɗaya da zai nuna. Ya sake gwadawa, ciwo ya sake kora shi. Sai a 1902 aka samu wurin zama a Patigi. Ƙasarmu ta Tangale kuwa sai 1917 John Hall da Gordon Beacham suka iso Kaltungo, ECWA kuma ba ta tsaya da ƙafarta ba sai 1954. Da masu aiko da kuɗi a wancan zamani sun zauna a shekara ta bakwai sun ce a kawo adadin baftisma ko a rufe, da ba mu san a wace majami'a kwamitin naku zai zauna ba, balle a yi zancen tayil.

Damagaram kuma ba Kaltungo ba ce. 'Yan mishan na SIM, ƙungiyar da su Bingham suka kafa, sun zauna a can tun 1924, amma ƙidayar Nijar ta 2012 ta nuna Kirista ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari ba a ƙasar baki ɗaya. A Janairun 2015 an ƙona majami'u a Damagaram da Yamai. Mutumin da ya shiga ruwan baftisma a irin wannan wuri ya san yana iya rasa mata, ko gado, ko mai saye a shagonsa. Biyun nan da ake faɗa da raini, ni da na zauna a ƙasar ba na jin su a matsayin kaɗan. Akwai kuma waɗanda ke zuwa da dare su yi tambaya su tafi, waɗanda ba su shiga rahoto, bai ma kamata su shiga ba.

Ban ce a yi ta zuba kuɗi ido rufe ba. Akwai malalata a cikin masu bishara kamar yadda suke a kowace sana'a, na ga wanda aka tura ƙauye ya tare a birni, sai ranar da baƙi za su zo ya je ya share wurin sujada. Tambaya hakkinku ce. Bulus da Barnaba da kansu sun koma Antakiya sun tara ikilisiya sun ba da labarin abin da aka yi. Sai dai a yi tambayar da ta dace. A garin yake kwana? Ana kiransa suna da jana'iza? In yaro ya yi zazzaɓi da dare, ana buga masa ƙofa? Biyun nan yana koya musu karatun Littafi har su iya tsayawa in ba ya nan? Matarsa fa, yaya jikinta, yaya ranta? Waɗannan ba a jin su a rahoton wata uku-uku. Ku tura mutum biyu su je su kwana, ɗaya ta kasance mace daga Zumunta, don akwai abin da matar gida ba za ta faɗa wa dattijo ba, amma za ta faɗa a bakin murhu. A shekara bakwai ɗin nan, Baba, wa ya taɓa zuwa daga cikinku?

In bayan an je an gani kuka tabbata aikin nan ya kamata a tsayar, to a tsayar da shi da mutunci. A sanar da shi da ƙungiyar da ke kula da shi tun da sauran lokaci, kada a yanke a tsakiyar zangon karatun yara, a biya kuɗin motar dawowa da kayansa, a nema masa abin yi, a tarbe shi a gaban jama'a yadda aka sallame shi a gaban jama'a. Abin da ba ya halatta shi ne a bar aikowa shiru, ya yi ta zuwa duba waya ƙarshen wata.

Ni dai da ina kwamitin, da na ce tayil ya jira wata shekara, kakanninmu a kan dandamalin laka suka yi sujada. Kafin zama na gaba, ku sa wani ya tambayo 'yan canji jika nawa kuɗin da kuke aikawa yake zama yau, ku kira mai bisharar ku tambaye shi kuɗin tiyar gero a kasuwarsu da yawan tiyar da gidansa ke ci a wata. A rubuta lambobin nan uku a allo kowa ya gani, sannan a kaɗa ƙuri'a.